Bakteriyar da ke zaune cikin tsirrai: tsakanin farantin gwaji, gona da karofi

A arewacin Ostireliya akwai wani tsiro mai yaɗo da mutanen asalin ƙasar suka daɗe suna amfani da shi a kan rauni don kada ya ruɓe. Wani masanin cututtukan tsirrai na Jami'ar Jihar Montana da ke Amurka, Gary Strobel, ya kai reshen tsiron ɗakin gwaje-gwaje da tambaya guda: maganin nan na tsiron ne, ko na wani abu ne da ke zaune a cikinsa? Shi da abokan aikinsa suka wanke bayan reshen tas, suka tsaga shi, suka fito da wata bakteriya ta dangin Streptomyces. A 2002 suka sanar cewa tana fitar da sinadarai huɗu da suka raɗa wa suna munumbisin, kuma a farantin gwaji sinadaran sun kashe ƙwayoyin cuta masu taurin kai, har da ta tarin fuka mai bijire wa magani da ta zazzaɓin cizon sauro.

Shekara huɗu bayan haka, su da kansu suka dawo da gyara. Biyu daga cikin huɗun ba sababbi ba ne. Aktinomaisin ne, wani jan sinadari da Selman Waksman da ɗalibinsa suka fara cirowa daga bakteriyar ƙasa tun 1940. An san yana kashe ƙwayoyin cuta, an kuma san dafinsa ya yi wa jikin mutum yawa, shi ya sa likitoci ba sa ba da shi sai a kan wasu nau'o'in ciwon daji, kamar na ƙoda da ke kama yara. Ba abin yi wa kowa dariya ba ne. Strobel na cikin waɗanda suka share wannan fage, kuma su ne suka fito suka faɗi gaskiyar da bakinsu. Amma labarin ya isa ya nuna wa mai karatu irin takun da ya kamata ya yi a duk lokacin da ya ji an ce an gano sabon magani a cikin ganye kaza.

Tsiron da ka gani kore shar, lafiya lau, ba shi kaɗai ba ne a jikinsa. Duk tsiron da masana suka bincika da kyau sun tarar da bakteriya da fumfuna a saiwarsa da karansa da ganyensa, wani lokaci har cikin ƙwayar irinsa, suna zaune ba tare da sun sa masa ciwo ba. Yawancinsu daga ƙasa suke shiga, ta 'yar tsagar da ake samu inda ƙaramar saiwa ta ɓullo daga babba. Wasu ta ƙofofin da ganye ke numfashi, wasu ta bakin ƙwaro, wasu kuwa gado ne, daga uwa zuwa iri, daga iri zuwa sabon tsiro. Mazauninsu 'yan guraben da ke tsakanin ƙwayoyin jikin tsiron ne da jijiyoyin da ke kai ruwa sama.

Manomi ya fi kowa kusa da shaidar wannan. A tuge gindin gyaɗa ko wake ana tsakiyar damina, a karkaɗe ƙasar, za a ga 'yan ƙullutai manne da saiwa, wasu ba su kai ƙwayar dawa ba. A sa farce a fasa ɗaya. In yana aiki, cikinsa ja-ja ne. In ya tsufa ko ya mutu, sai a gan shi kore-kore ko fari. Bakteriya ce cunkushe a ciki, tana kamo naitirojin daga iska tana mayar da shi abincin tsiro. Jan kuwa wani sinadari ne ɗan uwan wanda ke sa jininmu ja, kuma tsiron ne ke yin sa don ya riƙe iskar oksijin, wadda in ta yi yawa take ɓata aikin. Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka nuna a 1886 cewa daga ƙullutan nan dangin wake ke samun takinsu, Beijerinck na Holan kuma ya ware bakteriyar a 1888. Manoman da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya dai ba su jira wannan sanarwa ba. Shekara ɗari cif bayan Beijerinck, Johanna Döbereiner ta nuna a Birazil cewa ba dole sai da ƙullutu ba, domin ta ciro wata bakteriya mai irin wannan aiki daga cikin karan rake.

To me ya haɗa wannan da magani? Cikin tsiro wuri ne matsattse, abinci a ƙididdige yake, masu son shiga kuma ba su da iyaka. Bakteriyar da ta riga ta samu gurbi ba ta da farce ba ta da haƙori, sinadari ne kaɗai makaminta. Da shi take korar 'yar uwarta, da shi take hana fumfuna mamaye wurin. Tsiron ma yana cin riba, tun da da yawa daga cikin waɗanda ake korar su ne masu sa masa ciwo.

Misalin da ya fi burge ni a nan ya fito ne daga tamba, hatsin nan da ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, aka kuma fi cin sa a gabashin Afirka da Indiya. An lura tamba ba ta cika kamuwa da wata fumfuna mai suna Fusarium graminearum ba, alhali tana yi wa alkama da masara mummunar ɓarna, tana kuma barin guba a cikin hatsi. A 2016 Walaa Mousa da Manish Raizada na Jami'ar Guelph da ke Kanada suka bayyana abin da suka gani a madubin ƙara girma. A saiwar tamba akwai wata bakteriya ta dangin Enterobacter. Da zarar fumfunar ta matso, sai bakteriyar ta yi tururuwa zuwa wurin, gashin saiwa ya ƙara tsawo ya lanƙwasa ya kwanta a jikin saiwar, bakteriya ta cike tsakaninsa hawa-hawa, har a samu katanga. Zaren fumfuna ya shigo ya maƙale, a kashe shi a nan da sinadarai iri-iri. Hatsin da ake yi wa kallon abincin talaka ke nan.

A 2021 aka ba da rahoton wani abu makamancin haka a kan shinkafa a lardin Zhejiang na ƙasar Sin. Iri ɗaya ne, amma a wasu gonaki cutar da ke kashe dashe tana cin sa, a wasu kuma ba ta taɓa shi. Da aka bi diddigi, sai aka tarar masu tsira suna ɗauke da wata bakteriya, Sphingomonas melonis, a cikin ƙwayar irin, kuma suna gadar da ita ga 'ya'yansu. Abin lura shi ne ba kashe mai sa cutar take yi ba. Wani sinadari take saki da ke hana ta haɗa dafinta. Masu neman sababbin magunguna sun sa ido a kan irin wannan dabara, domin ƙwayar cutar da ba a nemi ranta ba ba ta cika saurin koyon bijirewa ba.

Bijirewar nan ita ce ta sa duniya ta koma leƙen ganye da saiwa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da magani ya daina ci, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ƙanjamau ko zazzaɓin cizon sauro ya kashe a shekarar. Yankin da abin ya fi tsanani in an auna da yawan jama'a shi ne namu, yammacin Afirka, da kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mutum ya shiga kemis ya ce a ba shi kafso na kwana biyu, ya ji sauƙi ya ajiye. Mai tallar magani a tire yana ba da ja-da-yalo a kan ciwon ciki da mura da komai. Mai kiwon kaji yana zuba shi a ruwan sha tun daga ranar da ya kawo 'yan tsaki. Ga kuma jabu, wanda ƙarfinsa bai isa ya kashe ƙwayar cuta ba, sai dai ya horar da ita.

Rumbun da aka saba ɗiba kuwa ya ja baya. Daga 1943, lokacin da Albert Schatz ya ware sitireftomaisin a ɗakin gwajin Waksman, zuwa shekarun 1960, kamfanoni sun tono ƙasa daga kowace kusurwar duniya, kuma kusan biyu cikin uku na magungunan kashe bakteriya da aka samo daga halitta daga dangin Streptomyces da makusantansu suka fito. Ƙanshin nan da ƙasa ke yi in ruwan farko ya sauka ma nasu ne, wani sinadari ne da suke fitarwa. Amma bayan shekaru ana tono, sai ya zama duk abin da aka ɗauko an riga an san shi. Daga nan aka fara tunanin wuraren da ba a leƙa ba: ƙarƙashin teku, cikin ƙwari, da cikin tsirrai.

Akwai labarin da ya nuna tunanin ba na banza ba ne. A 1972 Morris Kupchan ya ware wani sinadari mai tsananin ƙarfi a kan ƙwayoyin ciwon daji daga wani ɗan itace na Habasha, ɗan uwan namijin tsada da muke da shi a dajinmu. Aka kira shi maitansin. Abin da ake samu a tan guda na itacen bai kai giram ɗaya ba. A 1977 masu bincike na kamfanin Takeda a Japan suka tarar da wata bakteriya tana yin kusan irinsa sak, wanda suka kira ansamitosin, sai aka fara zargin ko dama ba itacen ke yin sa ba. A 2014 wasu masana a Dortmund ta Jamus suka nuna cewa a wasu itatuwa na wannan dangi da ke Afirka ta Kudu, tarin bakteriyar da ke cikin saiwa ce ke haɗa shi. Maitansin shi kaɗai ya faɗi a gwajin asibiti saboda dafi. Sai da aka koyi ɗaure shi a jikin wani sinadari da ke kai shi kan ƙwayar cutar kai tsaye sannan ya yi amfani, kuma haka aka samu Kadcyla, maganin kansar nono da Amurka ta amince da shi a 2013. Ba daga itace ake haɗa shi ba, daga bakteriyar da ake kiwo a manyan tankuna ne. Daga ganowa zuwa asibiti, shekara 41.

Wannan ya buɗe wata tambaya da ta shafi masu maganin gargajiya. Sukan ce saiwar wuri kaza ta fi ta wuri kaza ƙarfi, ko sassaƙen rani ya fi na damina. An saba danganta haka da ƙasa da ruwa da shekarun itace, kuma duk suna da tasiri. Yanzu an ƙara wani abin da ya cancanci a gwada: wa ke zaune a cikin itacen nan, wa ke zaune a cikin wancan.

Sai batun launi, wanda a nan ba a raba shi da batun magani. A 1819, a wani ƙauye kusa da Padua ta Italiya, mutane suka riƙa wayar gari suna ganin tuwon masararsu da ɗigo-ɗigon ja kamar jini. Hankali ya tashi, aka ce alamar fushin Ubangiji ce. Wani matashin mai haɗa magunguna, Bartolomeo Bizio, ya nuna cewa wata ƙaramar halitta ce ke tsirowa a kan tuwon in akwai ɗumi da laima, ya sa mata suna Serratia marcescens. Jan nata, firodijiyosin, yana kashe bakteriya da fumfuna da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a faranti. Ana samun Serratia a ƙasa da ruwa da cikin tsirrai, kuma wadda aka ciro daga wani tsiron ruwa a Benezuwela ta ba da wani sinadarin daban mai kashe masu ruɓar da saiwa.

Dalilin haɗuwar launi da dafi yana cikin ginin sinadarin. Tsarin da ke sa shi ya shanye wani ɓangare na haske ya mayar da saura ga ido, sau da yawa shi ne tsarin da ke ba shi damar kutsawa cikin fatar ƙwayar cuta ko dagula numfashinta. Ma'aikatan jinya sun san wannan da ido: bandejin ƙuna in ya koma shuɗi-kore, Pseudomonas aeruginosa ce ta shiga, launin kuma makaminta ne. 'Yan uwanta da ke zaune a saiwar alkama suna yin irinsa mai ruwan lemo ko rawaya, wanda ake kira fenazin. A 1988 Linda Thomashow da David Weller a jihar Washington suka toshe ƙwayar gadon da ke haɗa shi, sai bakteriyar ta rasa yawancin ƙarfinta na kare alkama daga ruɓar saiwa. Ƙasar Sin ta yi wa wannan sinadari rajista a matsayin maganin feshin gona.

Wasu launukan kuwa laima ce kawai. A tsinko kowane ganye a danna shi a kan farantin da abincinsa sinadarin metanol ne, bayan mako guda za a ga siffar ganyen ta fito da ɗigo-ɗigo ruwan hoda. Methylobacterium ke nan, tana rayuwa da ɗan tururin da ganye ke saki, launin kuma yana kare ta daga zafin hasken rana. Wata mai rawaya, Pantoea, ita ta ba da ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da Ingo Potrykus da Peter Beyer suka sa a shinkafa a 2000 don ta riƙa yin sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A.

Mutumin Kano ba baƙo ba ne a harkar rini da bakteriya, ko da bai kira ta da suna ba. A karofin Ƙofar Mata, marini zai zuba baba da toka da katsi a rami mai zurfi, ya cika ruwa, ya bari ya kwana ya kwana yana motsawa, har kumfa ta taso, wari ya canja, ya ce rini ya nuna. Shuni a kan kansa ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya kama zare. Bakteriya masu jure ruwan toka, waɗanda ba sa bukatar iska, su ke juya shi ya narke. Shi ya sa in an tsamo yadi daga ramin yakan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Masana a Japan da Ingila sun ware irin waɗannan bakteriya daga tukwanen rinin gargajiya na ƙasashensu. A nan dai tsiro ke yin launin, bakteriya ta buɗe shi. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, aka kuma samu sinadaran da ke yin aikin bakteriyar cikin mintoci, karofi ke ja da baya, ruwan da ke fita daga wuraren rini na zamani kuma ya zama abin kuka a duk garin da ake yin sa.

Abin da ake nema yanzu shi ne bakteriya ta yi launin gaba ɗaya. Akwai shuɗi mai suna indigoyidin da wasu bakteriyar tsirrai da na ƙasa ke yi. Akwai shunayya, biyolasin, da ƙwayoyin gado biyar ke haɗawa. Kamfanin Colorifix a Norwich ta Ingila yana kiwon ƙwayoyin da aka sauya wa gado yana rina yadi da su, kuma wata mai zanen tufafi 'yar asalin Zimbabuwe, Natsai Audrey Chieza, ta yi suna da rina siliki da Streptomyces coelicolor da ruwa kaɗan. Sai dai duk wanda ya taɓa sayen atamfa ya san tambayar farko: tana zuba? Firodijiyosin da biyolasin ba sa jure rana. Shuɗin Streptomyces coelicolor ja yake komawa in ya haɗu da tsami, wato gumi ma yana iya taɓa shi. Ga tsada, domin sai an ciyar da bakteriya sukari an tsare ta daga gurɓata. A rana irin ta Sakkwato ko Damagaram, launin da ya yi kyau a wurin baje koli a Landan yana da sauran jarrabawa.

Kada kuma kalmar "na halitta ne" ta ruɗi kowa. Serratia mai kyan ja tana kashe marasa lafiya a ɗakunan kulawa ta musamman. Burkholderia cepacia, wadda aka fara gani a ruɓaɓɓiyar albasa a 1950, an yi amfani da ita wajen kare amfanin gona, daga baya aka ja da baya da aka ga tana hallaka masu wata cutar huhu ta gado. A Janairun 2015, a Chitima ta Mozambik, mutum 75 suka mutu bayan sun sha giyar gargajiya a wurin makoki. An fara zargin sammu da ɗacin kada, bincike kuma ya nuna guba ce daga Burkholderia gladioli, wata bakteriyar tsirrai da ta yaɗu a garin masarar da aka yi giyar da shi. A Ostireliya wata mai rawaya da ke shiga kan ciyawa tana kashe tumaki. Duk daga rumbu ɗaya ake ɗibar waɗannan da magungunan da ake fata.

Yadda ake farautar a ɗakin gwaji ba wani abin ɓoye ba ne, kuma ɗalibai da yawa a jami'o'inmu sun yi shi. A ɗebo ganyen darbejiya ko zogale ko saiwar sabara, a wanke, a tsoma a sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a mayar cikin ruwan bilic na 'yan mintoci, a ɗauraye sau da yawa da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyi. Mai aiki tsakani da Allah zai ɗiga ruwan ɗauraya na ƙarshe a faranti daban. In wani abu ya tsiro a nan, wankin bai yi ba, abin da ya samu na bayan ganye ne. Sai a niƙa, a shafa a kan daskararren abincin bakteriya, a rufe a jira. Wasu kwana biyu sun fito. Dangin Streptomyces kan ɗauki makonni, su fito a bushe, da gari-gari a kansu, wani lokaci launi na tsatsowa a ƙarƙashi. Daga nan sai gwajin da kowa ke ɗoki: a shafe faranti da ƙwayar cuta, a huda 'yan ramuka, a ɗiga ruwan da aka tace, washegari a sa rula a auna faɗin da'irar da ta kasance wayam.

A nan yawancin aikin ke tsayawa, a nan kuma nake da ja. Da'ira a faranti ba magani ba ce, bilic ma yana yin ta. Faɗinta ya danganta da yadda sinadari ke saurin yaɗuwa, ba ƙarfinsa kaɗai ba. Sai an tace sinadarin shi kaɗai, an gano gininsa, an duba ko an riga an san shi, an auna mafi ƙarancin abin da ke kashe ƙwayar cuta, an gwada shi a kan ƙwayoyin jikin mutum, sannan dabba, sannan matakai uku na gwajin asibiti. Shekara goma zuwa goma sha biyar ke nan in an yi sa'a, kuma mafi yawa a hanya suke zubewa. Bahaushe ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, maitansin ma sai da ya ɗan haura haka.

Akwai kuma abin da faranti ba ya nunawa sam. Mafi yawan bakteriya ba sa yarda su tsiro a ɗakin gwaji. Wadda ke zaune a gefen ganyen wani tsiron ado na Asiya, Ardisia crenata, tana yin sinadarin da masu binciken magunguna ke ji da shi, amma ta saba da tsiron har ba ta rayuwa a waje. Waɗanda suka yarda suka tsiro ma ba duka suke nunawa ba. Da aka karanta ƙwayoyin gadon Streptomyces coelicolor kaf a 2002, an tarar da fiye da tari ashirin na umarnin haɗa sinadarai, alhali 'yan kaɗan aka san tana yi bayan shekaru ana nazarinta. Sauran a kulle suke, sai wani abu ya taɓa su, ko abokin gaba, ko yunwa, ko saƙo daga tsiro. Shi ya sa masu aikin yanzu ke fara karanta gado kafin su auna da'ira, suna kuma haɗa bakteriya biyu a faranti ɗaya don su tsokani juna.

In ma an haye duk wannan, kasuwa na jira. Kamfanin Achaogen na Amurka ya samu amincewa da sabon maganinsa a 2018, ya durƙushe a 2019, domin sabon maganin kashe bakteriya ajiye shi likita ke yi sai ta ɓaci, ba a sayar da shi da yawa. Sai tambayar wa ke da abin. Likitan Filifin Abelardo Aguilar ne ya aika a 1949 da samfurin ƙasa daga Iloilo, wanda daga baya aka samo maganin eritiromaisin a cikinsa, ya kuma rasu bai samu kason da ya nema ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce sai da izinin ƙasa da yarjejeniyar raba amfani kafin a fitar da irin wannan dukiya. Amma bakteriya ba gungumen katako ba ce da za a tare a kan iyaka. Yau bayanin gadonta ma kaɗai ya isa, kuma ta intanet ake tura shi.

A ganina, ribar da ke kusa da hannunmu tana gona, ba a asibiti ba. Can ne tarihin ya fi nuna nasara. Tun shekarun 1970 manoman itatuwa ke tsoma saiwar dashe a ruwan wata bakteriya da Allen Kerr na Adelaide ya gano, wadda ke kashe 'yar uwarta mai sa wa gindin itace ƙari. Dangin Bacillus da ke fitar da sinadarai masu fasa fatar fumfuna suna kasuwa a ƙasashe da dama a matsayin maganin feshi. A gida ma hanyar ba sabuwa ba ce. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Nodumax, bakteriyar da ake cuɗa irin waken suya da ita kafin shuka, da Aflasafe, wanda fumfuna ce marar guba da ke korar mai guba daga masara da gyaɗa. A gona ba sai an tace sinadari ba, bakteriyar ake bayarwa da ranta ta je ta yi aikin a inda ta saba, kuma gwajin bai kai na maganin mutum tsawo da tsada ba, ko da yake dole a tabbatar ba ta cutar da mai shuka da mai ci.

Matsalar abu mai rai ita ce zafi. Ƙunshin bakteriyar da ya yi wata biyu a shagon kwano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sau da yawa gawa manomi zai saya. Wannan ne ya sa nake ganin ya fi dacewa a nemi namu a saiwar gero da dawa da wake da suka saba da wannan ƙasa, a kuma fifita irin Bacillus da Streptomyces, waɗanda ke dunƙulewa su zama busasshen iri mai jure zafi da fari. Kafin nan akwai aikin da ba ya kawo suna amma komai a kansa ya dogara, wato ajiya. Ɗalibi ya ware bakteriya hamsin, ya kare kundinsa, ya tafi bautar ƙasa, wuta ta ɗauke, firji ya huce, bayan wata uku babu ko ɗaya da wani zai ɗora aiki a kanta. Firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili yana son wutar da ba ta yankewa. Busar da bakteriya a cikin 'yan kwalabe da aka zuƙe wa iska kuwa na iya riƙe ta shekaru, kuma na'urar yin haka ba ta fi ƙarfin jami'a guda ba, balle a ce jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi su haɗa ma'ajiya ɗaya, kowace kwalba da sunan tsiron da garin da watan da aka ɗebo ta.